Kwana biyar na Juliyet, shekara guda ta Shimen

Hausawa na cewa yaro man kaza ne, in ya ji rana sai ya narke. Karin maganar ta bayyana halin man, amma ta yi shiru a kan wanda ya ɗauke shi daga inuwa ya ajiye shi a rana. Wannan tambaya da aka bari a buɗe ita ce ke kwance a ƙarƙashin manyan wasannin kwaikwayo na alhini, waɗanda Turawa ke kira tirajedi, waɗanda kuma malaman Faransanci suka daɗe suna karantarwa a makarantun Nijar. A ajin da aka karanta labarin Romeyo da Juliyet, ko a Damagaram ne ko a Magarya ko a Dungas, da wuya a rufe littafin ba tare da wani ɗalibi ya ɗaga hannu ya tambaya ba: me ya hana su jira? Shekaru aru-aru amsar da ake bayarwa ita ce ƙaddara ko makantar soyayya. A cikin shekaru talatin da suka shige masana ƙwaƙwalwa sun zo da wata amsa, wadda ya dace malamai da ƙungiyoyin al'adu su san ta, su kuma san inda ta tsaya.

Abin da ke fara ɗaukar hankali a wasan Shekisfiya, wanda aka fara bugawa a 1597, shi ne ƙarancin kwanakinsa. Ranar Lahadi da safe Romeyo yana kukan wata budurwa mai suna Rozalin. Da daren ranar ya ga Juliyet a wurin liyafa a gidan abokan gabar danginsa, ya mance da waccan. Ranar Litinin aka ɗaura musu aure a ɓoye, kuma kafin rana ta faɗi ya kashe Taibal, ɗan kawun amaryarsa, sarkin Berona ya kore shi daga gari. Talata da dare Juliyet ta sha maganin da zai sa a zaci ta mutu. Kafin mako ya zagayo matasa biyar sun kwanta dama, haɗe da mahaifiyar Romeyo wadda baƙin ciki ya kashe. Juliyet ba ta cika shekara 14 ba. Da gangan marubucin ya tsara haka, domin waƙar Arthur Brooke ta 1562, inda ya ɗauko labarin, ta shimfiɗa al'amarin a kan watanni, yarinyar kuma ta kusa shekara 16. Shekisfiya ya rage mata shekaru, ya matse watanni suka koma kwanaki, kamar mai son ya nuna abin da ke faruwa idan ƙuruciya ta haɗu da ƙurewar lokaci.

Abin da marubucin ya gane ta hanyar lura da mutane, na'ura ta zo ta nuna shi bayan ƙarni huɗu. A 1999 Jay Giedd da abokan aikinsa a Amurka suka buga sakamakon wani bincike da suka yi ta ɗaukar hoton ƙwaƙwalwar yara da na'urar maganaɗisu, suna maimaitawa yayin da yaran ke girma. Ƙwaƙwalwa takan kusa cika girmanta tun yaro yana ɗan shekara shida, amma gyaran cikinta yana ci gaba har bayan shekara ashirin. Aiki biyu ake yi. Na farko, ana rage mahaɗar jijiyoyin da ba a amfani da su, kamar yadda manomi ke rage tsiron gero a rami bayan shuka domin waɗanda suka saura su yi ƙwari. Na biyu, wani farin kitse yana naɗe jijiyoyin kamar robar da ke lulluɓe wayar lantarki, saƙo ya riƙa gudu da sauri. Wani bincike na 2004 ya nuna cewa wannan gyara daga ƙeya yake farawa ya nufo goshi. Sashen da ke bayan goshi kuwa, wanda ke cikin na ƙarshe wajen nuna, shi ne mai auna sakamako, mai tsara abin da za a yi gobe, mai ce wa hannu dakata.

A can cikin tsakiyar ƙwaƙwalwa akwai wasu sassa masu kula da sha'awa da jin daɗin lada, waɗanda ke aiki da wani sinadari da ake kira dofamin. Su ba sa jiran goshi. Da zarar balaga ta kankama sai su farka da ƙarfi. Laurence Steinberg da B. J. Casey da wasu masana sun gina bayaninsu a kan wannan tazara: doki ya ƙosa, linzami bai gama ƙeruwa ba. Ga mai karatun allo wannan ba baƙon zance ba ne. Aya ta 6 a Suratun Nisa'i ta bambanta isa munzalin aure da samun shiriyar hankali, ta kuma sharɗanta a ga na biyun kafin a miƙa wa maraya dukiyarsa. Malaman fiƙihu sun daɗe da sanin cewa jiki na iya balaga alhali hankalin tafiyar da al'amura yana kan hanya.

Sai dai matashi ba wawa ba ne, kuma a nan binciken ya fi amfani ga malami. Idan aka zaunar da ɗan shekara 16 cikin natsuwa aka ba shi matsala ya warware, tunaninsa yana kai na babba. Inda yake gazawa shi ne a cikin zafi, wato lokacin fushi ko tsoro ko kunya, musamman idan tsararrakinsa suna kallo. A 2005 Margo Gardner da Steinberg suka sa mutane wasan tuƙin mota a kwamfuta, wasu su kaɗai, wasu a gaban abokansu. Kasadar da matasa suka ɗauka ta kusa ninkawa a gaban abokai, ta manya kuwa ba ta canza ba. Mai karatu ya koma ga ranar Litinin ta Romeyo. Da Taibal ya tsokane shi, ya ƙi faɗa, ya amsa da lalama. Amma da aka soke abokinsa Markushiyo a kan titi, idon jama'a na kansa, cikin ƴan mintoci ya zare takobi. Mutum ɗaya ne, rana ɗaya ce. Zafi da ƴan kallo ne suka shiga tsakani. Duk wanda ya ga yadda saurayi ke tuƙa babur a hankali in shi kaɗai ne, ya kuma ga yadda yake ɗaga ƙafar gaba idan ya zo wucewa ta gaban fadar abokansa, ya ga wannan gwaji ba tare da kwamfuta ba. Fim ɗin Aïcha Macky mai suna Zinder, na 2021, ya nuna irin wannan ƙarfi na ƙungiya a unguwar Kara-Kara, inda abokai kan zame wa saurayi gata, su kuma zame masa tarko.

Wajibi ne a faɗi iyakar wannan ilimi. Galibin hotunan ƙwaƙwalwa a Amurka da Turai aka ɗauke su. Babban binciken da Steinberg ya jagoranta a ƙasashe 11, har da Kenya da Jodan da Indiya, wanda aka buga a 2018, ya samu cewa son kasada yana kai ƙololuwa wajen shekara 19, kamun kai kuma yana ci gaba da ƙaruwa har tsakiyar shekarun ashirin. Amma ya kuma samu bambanci tsakanin ƙasa da ƙasa. Yaron ƙauyen Malawa ko Guci da ke kiwon garke shi kaɗai tun yana ɗan shekara goma sha biyu, ko wanda ke tafiya cin rani Kano ya dawo wa uwarsa da kuɗin hatsi, ya koyi wani kamun kai da ɗan birni bai koya ba. Shekara 25 da ake yawan ambatawa ba katanga ba ce. Wannan zafin jini kuma shi ne ke ba matashi ƙarfin barin gida neman ilimi, da saurin hadda, da ƙin yarda da zalunci. Ƙwaƙwalwar ƙuruciya tana bayyana dalilin da ya sa busasshiyar ciyawa ke saurin kamawa. Ba ta faɗin wanda ya ƙyasta ashana.

Wanda ya sake karanta wasan yana bin sawun manya zai ga abin mamaki. A farko Kafulet, mahaifin Juliyet, ya ce wa Faris mai neman aurenta ya bari a ƙara shekara biyu, yarinya ba ta isa ba. Kwana ɗaya bayan haka, gawar Taibal ba ta huce ba, ya tsayar da ranar Alhamis ba tare da ya tambaye ta ba. Da ta ƙi, ya yi mata barazanar kora ta shiga bara a titi. Da ta nuna kamar ta yarda, murna ta sa ya jawo bikin zuwa Laraba, wannan kwana ɗaya da ya rage kuwa yana cikin abin da ya ɓata dabarar da aka shirya don ceton ta. Limamin cocin da ke yi wa Romeyo wa'azin tafiya sannu, shi ne ya ɗaura auren kwana ɗaya bayan haɗuwarsu, domin yana da nasa buri na sasanta gidaje biyu. A ƙarshe kuma, da ya ji motsin masu gadi, ya gudu ya bar yarinyar a cikin kabari tare da gawar mijinta. Abin da ya fi komai ban tausayi shi ne, da asubar da ta biyo bayan yanke hukuncin, wadda ta roƙi jinkiri ita ce ƴar shekara 13: ta roƙi mahaifiyarta a ɗaga auren wata guda, ko da mako guda, uwar ta juya mata baya.

Ɗalibai sukan riga manya ganin wannan. A wata makaranta ta Magarya, yayin da ƙungiyar wasan kwaikwayo ke shirin makon al'adu, gardama ta kaure a kan wanda ya fi laifi. Samari suka taru a kan Romeyo, suka ce rashin haƙurinsa ne ya jawo komai. Yarinyar da aka ba matsayin Juliyet, ƴar wani ƙauye ta wajen Dungas da ke zaune gidan dangi domin karatu, ta yi shiru har aka gama, sa'an nan ta dubi malamin da ke kula da su ta ce: "Mushe, a ƙirga. Ta durƙusa wa babanta, ya zage ta. Ta roƙi innarta, ta ƙyale ta. Ta koma wurin mai renonta, ta ce mata ta haƙura ta auri Faris. Ta je wurin limami, ya ba ta kwalba. Mutum huɗu ke nan. A cikinsu wa ya ce mata, zo ki kwana ɗakina, gobe ma rana ce?" Babu wanda ya amsa, kuma babu littafin sharhi da ya faɗi abin fiye da haka.

Wasan Antigon na Sofokil, wanda aka nuna a Atina wajen shekara 441 kafin haihuwar Annabi Isa, ya fi fito da wannan fili. Sarki Kireyon ya hana a binne gawar Folinis; ƙanwar mamacin, Antigon, ta binne shi, aka yanke mata hukuncin rufewa a kogo da ranta. Hemon, ɗan sarkin kuma saurayinta, ya zo wurin ubansa cikin ladabi da hujja, ya gaya masa abin da talakawa ke faɗi a ɓoye, ya tunatar da shi cewa itacen da ke lanƙwasawa ga ambaliya shi ke tsira. A wannan zama saurayin ne mai sanyin kai, dattijon ne mai zafi, har yana ganin ƙasƙanci ne yaro ya koya masa hankali. Sai da aka toshe wa Hemon kowace ƙofa, ya tarar da gawar budurwarsa, sa'an nan ya zare takobi ya kai wa ubansa sara, ya kuskure, ya juya shi kan kansa. Kireyon ya sauya ra'ayi, amma bayan lokaci ya ƙure. Gaskiya ne abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango shi ba. Sofokil ya ƙara da cewa akwai ranar da girman kai ke rufe idon babba, yaron da ke ƙasa ya fi shi gani.

Wasa na uku, wanda ɗaliban Faransanci suka fi sani, shi ne Le Cid na Kornei, na 1637. A nan ma manya ne suka kunna wutar: dattawa biyu sun yi jayayya a kan muƙamin tarbiyyar yarima, mahaifin Shimen ya mari mahaifin Rodirig, tsohon ya miƙa wa ɗansa takobi ya ce ya wanke masa kunya. Rodirig ya tsaya shi kaɗai ya auna soyayya da mutuncin gida, irin tunanin sanyi da matashi ke iyawa idan an bar shi, sa'an nan ya kashe uban budurwarsa. Duk kayan alhini sun haɗu, kuma cikin kwana guda. Abin da ya hana ƙarshen ya zama na Berona shi ne sarkin Kastil, wanda ya ƙi yanke hukunci cikin zafi, a ƙarshe ya ba Shimen shekara guda ta share hawayenta, ya tura Rodirig fagen fama. Masoyan biyu sun rayu. Shimen ba ta fi Juliyet ƙwaƙwalwa ba; ta samu babba wanda ya saya mata lokaci.

Wannan darasi bai tsaya a littafi ba. Binciken lafiya da yawan jama'a na Nijar na 2012 ya nuna cewa kashi 76 cikin ɗari na mata ƴan shekara 20 zuwa 24 an aurar da su kafin su kai 18, kashi 28 kuma kafin 15, jihar Damagaram tana cikin inda abin ya fi yawa. A gundumomin Magarya da Dungas ɗalibai da dama suna barin ƙauyukansu su zauna a gidan wani domin shiga kolej, wato suna nesa da iyaye daidai shekarun da suka fi bukatar babba a kusa. Yarinyar da aka gaya wa an karɓi sadakinta ana saura kwanaki jarrabawa, ko yaron da aka tozarta a gaban aji, suna cikin irin zafin da masana suka bayyana. Wani bincike da aka yi a birnin Hustan na Amurka, aka buga a 2001, ya tambayi mutum 153 ƴan shekara 13 zuwa 34 da suka tsira daga yunƙurin hallaka kansu. Kusan ɗaya cikin huɗu suka ce bai kai minti biyar ba tsakanin yanke shawara da aikatawa. Irin wannan guguwa tana wucewa idan ba ta tarar da makami a kusa ba. Ƙasar Siri Lanka ta hana sayar da magungunan ƙwari mafiya haɗari, yawan masu kashe kansu ya ragu da kimanin kashi 70 cikin ɗari tsakanin 1995 da 2015. Shekisfiya ma bai manta da wannan ba: dokar garin Mantuwa ta haramta sayar da guba, amma talauci ya sa wani mai magani ya karɓi kuɗin Romeyo. A yankin noma, inda maganin feshi ke ajiye a kusurwar ɗaki, kulle shi a akwati aikin tarbiyya ne.

Al'adar Hausa tana da nata hanyoyin sayen lokaci, kuma wanda ya dube su da idon wannan ilimi zai ƙara girmama su. Yaji da biko hanya ce ta raba mutum biyu har zuciya ta huce. Gwaggo da kawu da kaka, waɗanda yaro ke iya gaya wa abin da kunya ta hana shi gaya wa iyaye, ƙofofi ne da aka bari a buɗe da gangan. Samariya, da sarkin samarinta da gayyarta da dandalinta, ta ba ƙarfin tsara aikin yi a gona da fagen kokowa, a ƙarƙashin idon manya. Addini ya yi umarni a nemi izinin budurwa kafin a aurar da ita, kuma mai fushi an hore shi ya zauna, ya yi alwala. Amma akwai wata karin magana da ke ja da waɗannan, wadda ake jawowa idan mai kuɗi ya fito neman aure: bari ya huce shi ke kawo rabon wani. Wannan ita ce hujjar Kafulet, kuma mai wasan ya nuna inda take kaiwa.

Ga malamai da ƙungiyoyin al'adu, aikin a bayyane yake. Ana iya sa ɗalibai su zana kwanakin wasan a allo, su rubuta a gaban kowace rana abin da yaro ya yi da abin da babba ya yi, su kwatanta da kansu. Ana iya juya wasannin zuwa Hausa, musamman tun da kundin tsarin ƙasa na watan Maris 2025 ya ayyana ta harshen ƙasa, a nuna su a dandali inda iyaye za su gani, a tsayar da wasa daidai inda Juliyet ke roƙon mako guda, a tambayi ƴan kallo abin da gwaggonta za ta yi da a Wacha ko Bande abin ya faru. A cikin makaranta kuma akwai ƙa'idoji masu sauƙi da ke fitowa daga wannan ilimi: kada a hukunta ɗalibi a gaban tsararrakinsa idan ana iya kiransa gefe, kada a yanke hukuncin kora a ranar da laifi ya faru, kuma kowane ɗalibi baƙo ya san babba ɗaya da zai iya buga wa ƙofa da dare. Dokar da gwamnati ta sa wa hannu a Disamba 2017 domin kare karatun ƴaƴa mata ba za ta yi aiki a ƙauye ba sai da irin waɗannan manya.

A ƙarshen wasan Shekisfiya, dattawan gidajen biyu sun tsaya a bakin kabari sun yi musafaha, kowannensu ya yi alkawarin ƙera mutum-mutumin zinariya domin tunawa da ɗan ɗayan. Sun samu dukiyar, sun samu lokacin, sun samu sulhun da ya gagare su shekara da shekaru. Abin da yarinyar ta roƙa tun tana da rai bai kai wannan tsada ba, mako guda ne. Allah ya ba manya haƙurin bayar da shi tun ana roƙonsu, ya kuma shirya zuri'a.